Abin da Na Gani a Farcen 'Yar Inna

Da sunan Allah nake ɗora biro a kan wannan takarda. Shi ne Ya ga abin da na gani, Ya kuma ji abin da na faɗa da wanda na haɗiye. Ku 'ya'yana uku nake rubuta wa, musamman babbarku, wadda duk gidan nan ke kira 'Yar Inna. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, sai bara da na shiga ajin matan aure na bayan la'asar hannuna ya sake sabawa da rubutu. In kun ga kuskure ku gyara a ranku ku wuce. Abin da ya zaunar da ni shi ne maganar da na ji a bakin Nura ran nan, yana gaya wa ƙanwarsa A'isha wai kakarku Inna ce ta hana a kai yayarsu asibiti har hannunta ya mutu. Ban yi masa faɗa ba, don ba shi ya ƙirƙira ba, a tsakar gida ya tsinta. Inna ta koma ga Allah da wannan magana a kanta, ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba. To ba haka aka yi ba. Ina wurin, kuma ni ce nake riƙe da hannun.

Sai na fara gaya muku yadda muka taso, in ba haka ba ba za ku gane ba. A ƙauyukanmu na gabashin Ɗanbatta, mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta faɗar sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya sai an miƙo mata, in ya yi kuka ta kau da kai har sai wata ta ce, ke ba shi nono mana. Kunya ake kiran wannan, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace da ta gidan da ta fito. Ni kuwa Allah Ya yi ni mai tsoro. Tun ina yarinya in akuya ta yi tari sai na tashi na leƙa ta. Da na haifi babbarku, sai ya zamana bakina yana kunya amma idona ba ya yi. Ina tuƙa tuwo ina ƙirga numfashinta daga nesa.

Wata rana tana koyon tafiya, ana taron suna a gidanmu, mata sun cika tsakar gida, sai na hango ta ta nufi murhu, ga tukunyar ruwa tana tafasa. Ban san lokacin da na yar da tsintsiya ba. Na sure ta na ƙanƙame, ina kuka ina cewa 'yata, 'yata. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Yaya Ladi, matar wan babanku, ta tafa hannu ta ce:

"Jama'a ku taso ku ga wadda ta fara haihuwa a duniya! Sannu Uwar 'ya. Mu duwatsu muka haifa."

Aka kwashe da dariya. Yaya Ladi ba muguwa ba ce, ku kanku kun sani, tsokana ce a jininta. Amma sunan ya bi ni. In na je rijiya, Uwar 'ya. In na je gidan biki, Uwar 'ya. Labari ya kai garinmu, mahaifiyata ta yi takakkiya ta zo, ta ja ni ɗaki ta ce:

"Ke, ni na haife ki, kuma ke ce ta farina. Kin taɓa jin sunanki a bakina?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To mutuwa kika yi? Kada ki ƙara sa a nuna ni da baki a kasuwa."

Daga ranar na ɗaure. Da aka yaye yarinyar, Inna, mahaifiyar babanku, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta kamar yadda aka saba, shi ya sa ake ce mata 'Yar Inna. Inna tana kiran ta ƙawata, ita kuma tana kira na Yaya, kamar yadda take jin ƙannen babanku suna kira na. Ɗakina da na Inna taku goma ne. A cikin takun nan goma na yi shekara shida ina renon 'yata da wutsiyar ido. In na kankare ƙanzo, na ajiye mai kaurin a bakin randa inda na san za ta wuce. In zan raba ɗumame, kwanon Inna ya fi nauyi, kowa ya ɗauka ladabi ne. Yarinya ce mai fara'a, ga iya gaɗa. In 'yan mata suka yi da'ira a ƙofar gida da yamma, ina cikin ɗaki zan iya ware tafinta daga na kowa, don nata yana da wata ƙara mai kaifi, kuma ba ta taɓa saɓa wa waƙa.

Tana da shekara shida ta yi ciwon maƙogwaro, bayansa gwiwoyinta suka kumbura, yau wannan gobe waccan. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka jiƙa mata saiwa, aka shafa man zafi, ya wuce. Kowa ya manta, ban da ni. Na lura tun daga nan in ta ɗebo ruwa sai ta tsaya a gindin darbejiya ta huta, alhali da a guje take shigowa. Ban ce komai ba.

Shekarar da nake son ba ku labari, tana da takwas. Nura yana da huɗu, A'isha tana bayana. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai. Haƙorinta na matauni ya ruɓe, kunci ya kumbura kamar ta ƙunshi goro. Babanku ya tafi da ita kasuwa, wani mai cire haƙori ya cire mata, ta dawo da auduga a baki tana nuna wa yara ramin. Kumburi ya saɓe, muka ce an huta. Bayan kamar sati biyu sai zazzaɓi. Ba mai kayar da mutum ba, irin mai zuwa da yamma ya tafi da safe. Lokacin sauro ne, rabin yaran unguwa suna kwance, saboda haka Inna ta aika aka kira mai kemis ya yi mata allurar zazzaɓi. Ta yi kwana biyu garau, ya dawo. Aka ce taifot ne, aka sayo ƙwayoyi, ta sha na kwana uku jiki ya yi sanyi, aka ajiye ragowar. Ya sake dawowa.

Inna ta yi iyakar abin da take gani. Abin da ba a gaya muku shi ne, a shekarar yanar ido ta rufe mata gani, mutum ma sai ya yi magana take gane shi. Da hannu take duba ƙawarta. In ta taɓa goshi ta ji sanyi, ta ce alhamdulillahi. Ni kuwa ina gani. Ina ganin tabarmar da yarinyar ta kwana a kai in an fito da ita shanya da safe, jiƙe sharkaf da gumi. Ina ganin ƙanzon da na ajiye a bakin randa yana nan har kaji su ɗauke. Awarwaron da ke matse mata hannu ya fara zamowa har gwiwar hannu. Leɓenta ya yi fari. Tana taka ƙasa a ɗosane kamar mai tsoron ƙaya. Tafinta kuma na daina jin sa a ƙofar gida.

Sai ranar lalle. An cire gyaɗa, an jibge ta a tsakar gida, mata sun kewaye ana tsinka. Jibi za a ɗaura auren 'yar maƙwabtanmu, kuma ni ce mai sa wa yaran gidan lalle, don an ce hannuna yana kamawa. Ku sani, wannan ce kaɗai hanyar da nake samun riƙe hannun 'yata a gaban mutane ba a ce komai ba, shi ya sa kullum nake barin ta a ƙarshe, in daɗe a kanta. Da hantsi ne, rana ta haska sosai. Ta zauna a gabana ta miƙo hannu. Hannun da ɗumi, ga shi ba nauyi. Na goge mata yatsu da tsumma, sai na ga wasu siraran layuka ja-ja baƙi-baƙi a ƙarƙashin farcenta, a tsaye, kamar sartse ya shige. Na ƙirga, farce huɗu. Na kankara da nawa farcen, ba su fita ba, a ciki suke. A kan tsokar yatsa biyu kuma ga wasu 'yan ƙurarraji ja. Na danna ɗaya kaɗan, ta janye hannu.

"Wash, Yaya, da zafi."

Ban san sunan abin ba, amma na san zazzaɓin sauro ba ya rubutu a farce. Na yi shiru ina juya hannun. Inna tana zaune a kan turmi a gefena, tana tsinkar gyaɗa da lalube. Ta ɗago kai ta ce:

"Sa'ade, na ji kin yi shiru. Ke da ke riƙe da hannunta, kin ga wani abu ne? Idon nan nawa ba ya gaya mini gaskiya yanzu. Gobe kasuwa, motoci za su shiga Ɗanbatta. In da abin da kika gani, in sa ubanta ya ajiye gyaɗar nan ya kai ta babban asibiti."

Duk hannuwa suka tsaya da tsinka. Mata bakwai ne a wurin, har da baƙi biyu daga dangin ango. Yaya Ladi ta yi murmushi ta ce:

"Ahaf, an taɓo likita. Uwar 'ya, duba mana da kyau, ko a kawo miki madubin ido?"

Baƙin suka yi dariya, ɗaya ta tambaya, "Au, ita ce uwar? Ai na zaci yayarta ce, ga kawaici." Na ji daɗin wannan kalma, Allah Ya yafe mini, na ji daɗinta. Shekara shida ina nemanta. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ba komai, Inna. Dauɗa ce."

Inna ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Ni ban ga komai ba."

Na ɗebo lalle na rufe farcen ɗaya bayan ɗaya, na naɗe da ganye, na ɗaure. Da aka kwance da yamma ya kama ja wur, kowa yana yabawa. Ba mai iya ganin abin da ke ƙasa, har ni.

Wannan ita ce maganar da na zauna in rubuta. Inna ta tambaya, har sau biyu. Mota tana nan, hanya a buɗe, babanku ba ya ƙetare maganar mahaifiyarsa. Kalma ɗaya ake nema daga bakina.

Sati uku suka biyo baya. Na riƙa gaya wa kaina gobe zan samu Inna ita kaɗai in faɗa mata. Amma in na faɗa, sai na ce na yi mata ƙarya a gaban baƙi, wannan ma wata kunyar ce ta hau kan ta farko. Sau ɗaya na kewaya na ce wa babanku, yana wanke ƙafa zai tafi masallaci:

"Yarinyar Inna kamar har yanzu jikin."

Ya ce, "Inna ta ce kin duba ba komai. Bari a gama da gyaɗa, in bai sake ta ba sai a shiga gari."

Kun gani, maganata ce ta dawo ta tare ni. Na shiga ɗaki na zauna. Na yi ta addu'a, na yi sadaka da ƙosai ran Juma'a, na tofa a ruwa na ajiye a bakin randa. Na yi komai ban da abu ɗaya.

Ranar wata Talata da safe, tana zaune a ƙofar ɗakin Inna tana shan koko, ni ina shara. Sai na ji kofi ya faɗi. Na waiga na ga kokon yana bin zaninta, ita kuma tana kallon hannunta na hagu kamar na wani ne aka ajiye mata. Bakinta ya karkace. Ta yi ƙoƙarin tashi, ƙafar ta ƙi, ta kife. Wannan karon ban san wa ke tsakar gidan ba. Na kwance A'isha na miƙa wa Yaya Ladi, na goya babbar, ƙafafunta suna jan ƙasa, na fita ba mayafi ina kiran babanku tun daga zaure har bakin gona. Yaya Ladi ce ta biyo ni a guje da hijabi, tana kuka.

A Ɗanbatta ba su riƙe mu ba. Wani likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe, ya matsar ya sake saurara, ya rubuta takarda ya ce mu wuce Kano yanzu, kada mu koma gida ɗaukar kaya. A Kano aka shigar da mu ɗakin yara na gaggawa, aka ce mutum ɗaya zai shiga, babanku ya tsaya a waje da takardun. Wata nas ta zo da fayil, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Ke ce uwar?"

Na ce, "Ni ce."

"Sunan yarinya?"

Na waiga ina neman wanda zai faɗa. Ba Inna, ba Yaya Ladi, ba kowa. Nas ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah, ba mu da lokaci. Ba ki san sunan 'yarki ba ne?"

Na ce, "Zulaihatu."

Shekara takwas sunan yana cikin bakina, ban taɓa jin yadda yake fita da muryata ba. Yarinyar tana kwance ido a rufe, na zaci ba ta ji. Sai ta buɗe ido, da bakin nan nata da ya karkace, magana tana fita da ƙyar, ta ce:

"Yaya, ashe kin san sunana."

Na riƙe ƙarfen gado.

Aka ɗebi jininta a 'yan kwalabe, aka sa mata ruwa, aka fara allura ta jijiya tun a ranar. Washegari aka kai ta ɗakin hoton zuciya. Likitar da ke duba ta mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta zaunar da ni ta zana mini a bayan takarda. Ta ce a cikin zuciya akwai 'yan ƙyamare masu buɗewa da rufewa, jini yana wucewa. Ciwon maƙogwaro da kumburin gwiwa na shekarun baya ya taɓa ɗaya daga ciki, ya bar shi da tabo. Daga baya ƙwayoyin cuta suka shiga jininta, mai yiwuwa ta wurin ruɓaɓɓen haƙorin nan, suka samu tabon suka zauna suka yi gida. Su ne zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, kuma ƙwayoyin maganin da aka sha na kwana uku kwantar da su kawai suka yi. Gidan nasu yana gutsurewa, jini yana kwasar gutsattsarin yana kai wa ko'ina. Ƙanana su tsaya a yatsu. Babba ɗaya ya tafi kai ya toshe hanya, shi ne ya shanye mata ɓarin jiki. Tana magana tana juya hannun yarinyar, ta ce:

"Lallen nan ya hana ni ganin farcen."

Na ce, "Akwai layuka a ƙasa, kamar sartse. Farce huɗu. Da ƙurarraji masu zafi a kan yatsa biyu."

Ta ajiye biro ta dube ni. "Maman Zulaihatu, ke kika lura da wannan? Ɗalibaina ma sai na nuna musu. Yaushe kika gani?"

Na ce, "Sati uku da kwana biyu."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Na tambaye ta, da an kawo ta a ranar, da hannun zai mutu? Ta ce ita ba za ta rantse ba, don wani ana cikin magani ma abin yake faruwa, sanin wannan sai Allah. Amma ta ce ba za ta ɓoye mini ba, duk ranar da aka fara allura da wuri tana rage haɗarin. Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba. A lokacin na ƙoshi da ƙarya.

Sati shida muka yi a gadon nan, allura safe da yamma da tsakani, har jijiyoyin hannunta suka ƙare aka koma ƙafa. A sati na biyu zazzaɓi ya sauka bai dawo ba. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki, ni nake juya ta. Ba wanda ya san ni a ɗakin, kowace uwa tana rungume da nata, na fari ne ko na goma. Farcenta yana tsiro, jan lallen yana matsawa gaba, ina yanke shi kaɗan kaɗan, har ranar da na yanke na ƙarshe.

A sati na huɗu aka kawo Inna, babanku yana riƙe da sandarta. Ta lalubi fuskar ƙawarta, ta lalubi hannun ta ɗaga, ta sake shi ya faɗi. Kafin ta zo magana ta riga ta zaga gari, cewa tsohuwa ta riƙe jika a ɗaki tana ba ta jiƙe-jiƙe. Da babanku ya fita salla, na durƙusa a gabanta na ce:

"Inna, ranar lalle na gani. Ƙarya na yi miki."

Ta lalubo kaina ta dafa. Sannan ta ce:

"Na sani, Sa'ade. Na ji a muryarki. Shi ya sa na sake tambaya."

Na ce, "To me ya sa ba ki matsa mini ba?"

Ta ce, "Don kada in kunyata ki a gaban baƙi. Na ce in an watse zan kira ki ɗaki. Da aka watse sai na ce to in ke uwa kin iya daurewa, ni wace ce zan fi ki rawar jiki. Ke kina jin kunyata, ni ina tsare miki kunyarki, yarinya tana tsakani." Ta share ido da bakin mayafi. "Ki bar maganar nan a nan. Ni na tsufa, abin da za a faɗa a kaina ba zai daɗe yana damuna ba. Ke kuwa da sauran zama a gidan."

Na yi mata biyayya, kuma wannan ma ina nadamarsa, don na san ba biyayya ce kaɗai ta rufe mini baki ba. Shekara biyu tana jin ana faɗa a gefenta. Da ta rasu na ce zan faɗa, sai na ga ba wanda ya tambaya. Sai da na ji ta a bakin Nura na gane maganar ba za ta mutu da kanta ba, gado za ta zama. Na karanta wa babanku wannan takarda kafin in kai nan. Ya ce shi ma ya ga awarwaron yana zamewa, ya kau da kai, don shi ma ta farinsa ce. Yaya Ladi kuwa tun ranar da muka dawo ba ta ƙara ce mini Uwar 'ya ba. Ni ce ma nake cewa ta faɗa, ai gaskiya ce.

Zulaihatu, yanzu da ke nake. Shekararki goma sha ɗaya. Ƙafar ta dawo, sai ɗan ja da kike yi in kin gaji. Hannun bai dawo ba. Ƙyauren zuciyarki yana yoyo, likita ta ce wata rana sai an yi aiki, ban san yadda za a yi ba, ina dai roƙon Allah. Kina jin haushina in na tashe ki zuwa allurar wata-wata, da yadda nake tsare ki sai kin goge haƙori, da yadda ko ɗumi jikinki ya yi nake cewa a tafi asibiti a ɗebi jini kafin a sha komai. Kin ce na cika tsoro. Haka ne. Da ma tsoron nan nawa na bi tun farko. Na kuma daina sa miki lalle a farce, kin yi ta tambaya dalili ina ce miki ba ya yi miki kyau. Wannan ma ƙarya ce, yana yi miki kyau ƙwarai. Yanzu kin san dalili. Ba na roƙon ki yafe mini yau. Ki karanta, ki ajiye, ki girma tukuna. Abin da nake roƙo shi ne in an ambaci Inna a gabanki ki ce Allah Ya ji ƙanta, ta tambaya.

Ran nan da yamma 'yan mata suka yi da'ira a ƙofar gida, na leƙo na gan ki a jikin katanga kina buga cinya da hannun dama, bakinki yana bin waƙar. Maza suna zaune a dakali, mata suna dawowa daga rijiya. Na fito da hijabina na tsaya a gabanki, na kira sunanki da ƙarfi yadda duk layin zai ji, na buɗe miki tafin hannuna. Kika dube ni kika ce:

"Yaya, mutane fa suna kallo."

Na ce, "Su kalla. Buga."

Kika buga. Ƙarar nan mai kaifi tana nan, ban manta ta ba. Sai dai ni ban iya gaɗa ba, ina ta saɓa wa waƙa, kina ta gyara mini, har aka kira magariba.